Ƙaiƙayin gaba ina tsakiyar shan antibayotik: maganin ne ko banɗaki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku ba ni haske, abin ya ɗaure min kai. Makon jiya haƙorina ya kumbura har ya tara mugunya, likitan haƙori ya rubuta min amoksisilin na kwana bakwai. Haƙori kam alhamdulillahi ya lafa. To tun kwana na biyar na fara jin ƙaiƙayi a gabana, irin mai hana barcin nan, ga wani farin abu mai kauri yana fita gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, amma ba ya wari. In fitsari ya taɓa wajen sai raɗaɗi. Yayata ta ce sanyi ne na ɗauko a banɗakin asibiti, in nemi wani antibayotik da ya fi wannan ƙarfi in ɗora. Ni kuma abin da na kasa ganewa, ina cikin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ina wata cutar ta samu hanya? Saura kwana ɗaya in gama. In tsaya ne, ko in ƙaro wani?

Hajiya Ladi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yata. Yayarki gaskiya ta faɗa miki, banɗakin da kowa ke shiga ba abin da ba ya ɗauke da shi. Ni da na yi nawa sanyin antibayotik aka ba ni, kwana bakwai na warke sarai. Wataƙila wanda kike sha ne ya yi miki rauni.

Ummu Khairat:
Wallahi Maman Ilham kamar labarina kike bayarwa. Sau biyu aka ba ni maganin ciwon mara, sau biyun ƙaiƙayi ya biyo baya kafin mako ya zagayo. Na farko na ɗora wa banɗaki laifi. Na biyu ko ƙofar gida ban leƙa ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Anti Rabi:
Maman Ilham, kafin komai: kar ki ƙaro wani antibayotik. Shekaruna da yawa a aikin ungozoma, abin da kika siffanta na gan shi ba adadi. Alamomin sun yi kama da kandida, kuma kandida ba bakteriya ba ce, dangin yisti ce, wato fangas. Amoksisilin ba ya taɓa ta ko kaɗan. Ba kuma daga waje ta zo miki ba, da ma tana zaune a jikin mutum, a hanji, a baki, a fata, wasu matan har a gaba, ba ta damun kowa saboda ba ta da yawa.

Abin da ke riƙe ta shi ne wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a gaban mace, ana ce musu laktobasilus. Su ne masu gidan. To maganin da kika haɗiya don haƙori bai san haƙori ba, jini ne ya kai shi ko'ina, ya kashe na haƙorin ya haɗa da masu gidan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kika bi shawarar Yaya kika ƙaro mai ƙarfi, ragowar masu gadin za ki ƙarasa.

Kwana ɗayan da ya rage ki shanye shi yadda aka rubuta. Mugunya a haƙori ba abin wasa ba ce.

Hajiya Ladi:
Rabi, ba musu nake miki ba, amma ni ganau ce. An ba ni antibayotik na warke. Kuma tun ina budurwa nake shan irin waɗannan magungunan in an rubuta min, ban taɓa jin sun sa ni ƙaiƙayi ba. In da maganin ne ke jawowa ai da kowa ya samu.

Malam Nura:
Hajiya barka da war haka. Ni aikina haɗa magunguna, bari in sa baki. Ba mamaki maganarki gaskiya ce, ta Anti Rabi ma gaskiya ce. Matsalar daga kalmar sanyi take. Mun ɗauki suna ɗaya mun rufe cututtuka uku ko fiye da shi, kuma maganinsu ya sha bamban.

Akwai wanda ruwan yake fita tsinkakke, launin toka-toka, da ƙarni kamar na kifi, ƙarnin ya fi tashi bayan saduwa. Wannan bakteriya ce ta yi yawa, kuma maganinsa antibayotik ne, metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, yawanci miligiram 500 sau biyu a rana har kwana bakwai. Ina kyautata zaton shi kika yi, tunda kin ce kwana bakwai. Akwai kuma tirikomonas, mai ruwa kore-kore ko rawaya da kumfa, shi ta saduwa ake ɗauka, dole a yi wa miji magani tare. Na Maman Ilham daban yake: ƙaiƙayi mai tsanani, fari mai kauri, babu wari. Kin ga maganin da ya warkar da ke, ita zai iya ƙara mata.

Maganar da kowa ya samu kuwa, ba kowa ba. A wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka buga a 2004, an bi mata sama da 200 da suka sha antibayotik, kashi 23 cikin ɗari ne suka samu. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Ke kina cikin ukun da suka tsira.

Hajiya Ladi:
To lallai nawa yana da ƙarni, ba zan ɓoye ba.

Zee:
Ni dai tun da na gano ƙwayoyin furobayotik, masu ɗauke da bakteriya masu amfani, na huta. Duk sanda aka ba ni antibayotik sai in haɗa da su. Tunda Anti ta ce masu gadi ake kashewa, ai hankali ma ya ba ka cewa ka zuba sabbin masu gadi. Maman Ilham ki nema, ba sai kin je asibiti ba.

Malam Nura:
Zee, abin dariyar shi ne gwajin Ostireliya da na ambata ainihin abin da aka je aunawa ke nan. An ba wasu laktobasilus na sha, wasu na matsi, wasu duka biyun, wasu kuma na bogi da ba komai a ciki. Ba a ga bambanci ba, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa don ba alamar zai yi amfani. A tunani abin ya yi daidai, da aka gwada bai yi ba. Ba na ce zai cutar da ke ba, amma ba maganin wadda ƙaiƙayi ya riga ya kama ba ne.

Zee:
To ni ya yi min aiki.

Ummu Khairat:
Ko kuma ke ma kina cikin ukun Hajiya, kina ta kashe kuɗinki.

Zee:
Haba Anti Khairat, ba sai an kai ga haka ba.

Anti Rabi:
Ku bar ta, in bai yi amfani ba bai yi illa ba. Ni yadda nake bayyana wa mata shi ne laktobasilus ke sa wajen ya yi tsami, in suka mutu tsamin ya ragu, kandida ta samu sarari.

Dakta Halima:
Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Anti Rabi, na yarda da duk abin da kika faɗa sai wannan na ƙarshe, ki yi min izini in ɗan gyara, don yana da amfani wajen gane cutar.

Gaskiya ne laktobasilus na samar da tsami. Wani likitan mata Bajamushe, Albert Döderlein, shi ya fara bayanin su tun 1892. Suna cin wani nau'in sitaci da bangon gaba ke ajiyewa su mayar da shi asid, shi ya sa ma'aunin tsamin gaban mace mai lafiya yake tsakanin 3.8 da 4.5. Wannan tsamin yana korar bakteriya da yawa. Amma kandida tana jure masa. In ka auna mace mai kandida, yawanci za ka samu tsaminta yana nan ƙasa da 4.5, lafiya lau. Wadda tsaminta ya tafi ita ce mai irin ciwon Hajiya. Da 'yar takardar awo ma ana iya fara raba su a ɗakin duba marasa lafiya.

To me masu gadin ke yi wa kandida? Suna cinye abinci, suna mamaye wurin maƙalewa a bango, suna kuma fitar da abubuwan da ke hana ta sauya kama. Kandida tana da siffa biyu. In tana zaune lafiya 'yan ƙwayoyi ne zagayayyu. In ta samu sake sai ta miƙe ta zama zare-zare, zaren ya riƙa kutsawa cikin fata. Jiki ya taso da faɗa, wajen ya yi ja ya kumbura. Ƙaiƙayin da raɗaɗin daga wannan faɗan suke. Zaren nan muke nema in mun sa ruwan a madubin awo.

Dalilin da antibayotik bai taɓa ta kuwa, ginin jikinsu ne ya bambanta. Amoksisilin bangon bakteriya yake hana ginuwa, kandida ba ta da irin wannan bangon. Ita fatarta tana buƙatar wani maiƙo da ake kira ergosterol, magungunan fangas irin su fulukonazol da kulotirimazol shi suke hana ta haɗawa. Kowane makulli da ƙofarsa.

Wani abu da nake so a lura: antibayotik mai faɗi, wanda ke kashe bakteriya iri-iri a lokaci guda, shi ya fi jawo wannan, haka ma in an daɗe ana sha ko ana yawan maimaitawa. Don haka kalmar mai ƙarfi da Yaya ta yi amfani da ita, a nan ita ce matsalar.

Anti Rabi:
Na karɓi gyara Dakta. Shekara da shekaru da tsamin nake bayani don ya fi saurin shiga kunne. Zan sauya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Kaina ya waye. To yanzu me zan yi? Wallahi jiya sau huɗu na wanke wajen da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta da ruwan zafi, a lokacin nakan ji sauƙi, bayan minti goma kuma kamar an zuba wuta.

Anti Rabi:
Innalillahi. Ki ajiye sabulun nan yau ɗin nan. Ruwa zalla, a waje kawai, ban da cusa komai ciki da sunan wanki. Cikin yana wanke kansa. Sabulu mai ƙamshi da mai kashe ƙwayoyi ƙara ƙona fatar suke yi, ga shi da ma ta yi rauni. Ki tsane wajen a hankali, ki sa ɗan kamfai na auduga mara matsewa, in ya jiƙe da gumi ki canza. Kuma ki yi haƙuri da susa, na san faɗa ya fi yi sauƙi.

Dakta Halima:
Tunda wannan ne karonki na farko, na fi son a duba ki kafin ki sayi komai. Akwai wani bincike a Amurka da aka buga a 2002: matan da suka yanke wa kansu hukuncin kandida ce suka je suka sayi maganinta, da aka auna su kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke da kandida ita kaɗai. Sauran wani abu ne daban, ko kandida haɗe da wani.

In an tabbatar, maganin ba shi da wuya. Ko fulukonazol miligiram 150 ƙwaya ɗaya a sha sau ɗaya, ko kulotirimazol na matsi, akwai na miligiram 500 na dare ɗaya, akwai na 200 na dare uku, akwai na 100 na dare shida. Ana iya haɗawa da na shafawa a waje don ƙaiƙayin. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Sauƙi yakan fara cikin kwana ɗaya zuwa uku. In mako ya cika ba canji, ki koma.

Tambaya ɗaya kafin komai: kina da ciki, ko kina tsammani?

Maman Ilham:
A'a Dakta, ina shayarwa dai, yarinyar wata tara.

Dakta Halima:
To ki gaya wa wanda zai duba ki. Na matsi ba shi da matsala ga mai shayarwa, kuma ƙwaya ɗaya ta fulukonazol ma ana bayarwa. Ki riƙa leƙa bakin yarinyar da kan nononki. In kin ga fari-fari a harshenta da cikin kumatu wanda ba ya gogewa kamar madara, ko kan nonon ya fara zafi da sheƙi, ku biyun za a yi wa magani lokaci guda, in ba haka ba kuna ta miƙa wa juna.

Amaryar Bana:
Dakta ni ina da cikin wata biyar, an ba ni maganin ciwon fitsari na gama, yanzu ga irin wannan. Ƙawata ta kawo min ƙwayar nan guda ɗaya ta sha. In sha?

Dakta Halima:
Kar ki sha. Mai ciki ba a ba ta fulukonazol na sha don wannan. Na matsi ake ba ta, kuma na kwana bakwai, don gajeren ba ya isar mai ciki. Ki je wajen awo a duba ki a rubuta miki, ki sa da yatsa a hankali. Ke abu biyu ne suka haɗu miki: antibayotik da cikin kansa, domin sinadarin estrojin da ke ƙaruwa lokacin ciki yana taimakon kandida. Amma kar wannan ya sa ki yi nadamar shan maganin fitsarin. Ciwon fitsari da aka bari ga mai ciki yana iya hawa ƙoda ko ya jawo naƙuda kafin lokaci.

Baban Sadik:
Ku gafarce ni na shigo maganar mata. Iyalina tana fama da wannan, yana tafiya yana dawowa, bana kaɗai wannan ne na huɗu. Duk sanda ya tashi sai a haɗa mana magani ni da ita, har da allurai, wai ni nake mayar mata. Abin har ya fara kawo ɗan saɓani tsakaninmu. Gaskiya ne ni ne?

Malam Nura:
Baban Sadik, in kandida ce ba a lissafa ta cikin cututtukan saduwa, kuma ba a yi wa miji magani sai in shi ma yana da alama, kamar ja da ƙaiƙayi a kan kaciya, shi kuma man shafawa ya ishe shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne alluran nan. In antibayotik ne ake yi mata duk sanda ƙaiƙayi ya tashi, to ƙaiƙayi ne ke komawa kan masheƙiya. A yi allura, masu gadi su mutu, kandida ta dawo, a ce sanyin bai fita ba, a sake allura. Na ga waɗanda suka shekara biyu a wannan zagayen.

Dakta Halima:
Ƙari a kan na Malam Nura. Kusan mata uku cikin huɗu sukan yi kandida sau ɗaya a rayuwa, wannan ba komai ba ne. Amma sau uku ko huɗu a shekara guda sunansa mai maimaituwa, kuma yana buƙatar bincike. A ɗauki ruwan a kai ɗakin gwaji a shuka shi, don a san ko kandida ce ma, kuma wace iri. Mafi yawa Candida albicans ce, tana jin fulukonazol. Akwai 'yar uwarta Candida glabrata da sau da yawa ba ta jin sa, ko kwali guda aka shanye. Sannan a auna sugan jininta, domin ciwon suga da ba a riƙe ba yana cikin manyan dalilai, wasu matan ma ta nan ake fara gano suna da shi. A duba ko tana shan magungunan da ke rage garkuwar jiki irin su firedinisolon, a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, ba don zargi ba, tsarin binciken ke nan. In an tabbatar albicans ce, akwai tsarin ƙwaya uku da tazarar kwana uku-uku, sannan ɗaya duk mako har wata shida, a hannun likita.

Ka nuna mata wannan ta karanta da kanta, ku bar zargin juna.

Baban Sadik:
Allah ya saka da alheri. Mahaifiyarta tana da suga, ba mu taɓa kawo wannan a rai ba.

Ummu Khairat:
Dakta to mu da muka san duk sanda muka sha sai ya zo, ba za mu iya haɗiyar fulukonazol tun ranar farko ba, mu tare shi a hanya?

Malam Nura:
Wasu likitoci suna yin haka ga wadda tarihinta ya nuna, amma su za su yanke. Ni ina ɗari-ɗari da kowa ya mayar da shi al'ada. Fulukonazol yana karo da magunguna da dama, mai shan warfarin na tsinka jini misali zai iya zubar da jini. Kuma fangas ma yana koyon bijire wa magani kamar bakteriya. Candida auris da aka fara ganowa a Jafan a 2009, a kunnen wata majiyyaciya, yanzu ta zama abin tsoro a asibitocin duniya saboda yawancinta ba ta jin fulukonazol. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na fangas masu haɗari, tare da albicans ɗin kanta.

Dakta Halima:
Na ɗan sassauta fiye da Malam Nura a nan. Matar da sau biyu ko uku a jere abin ya same ta, ba na ganin laifi a rubuta mata ƙwaya ɗaya ta ajiye, ta sha in alama ta fara. Abin da zan ce miki Ummu Khairat, ki faɗa wa likita tarihinki kafin ya ɗora biro a takarda. Wani lokacin akwai zaɓin magani mara faɗi ko na kwanaki kaɗan. Ki kuma tambaye shi ko lallai ne sai an sha. Mura da yawancin ciwon maƙogwaro bairas ne, antibayotik ba ya musu komai.

Wani abu da na manta: man shafawa da na matsin nan suna da maiƙon da ke lalata kwaroron roba, masu amfani da shi su kiyaye har 'yan kwanaki bayan an gama.

Zee:
Abin mamaki, na taɓa karanta cewa fenisilin ma, wanda amoksisilin danginsa ne, daga fumfuna aka samo shi.

Malam Nura:
Haka ne, Alexander Fleming a Landan, 1928. Fumfuna ce ta faɗa masa a farantin gwaji ta kashe bakteriyar da ke kewaye da ita. Fumfuna ma fangas ce, makamin fangas ne muka ara, to ba mamaki in ya share wa ɗan uwansa fili.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana biyar. Na shanye amoksisilin ɗin, washegari na je aka ɗauki ruwan aka duba, kandida ce kamar yadda kuka ce. Na dare uku aka ba ni da na shafawa. Dare na biyu na yi barci har aka kira asuba ban farka ba. Bakin Ilham kuma lafiya lau, kullum sai na leƙa. Yaya dai har yanzu tana kan bakanta, wai banɗakin ne.

Hajiya Ladi:
Alhamdulillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Na yarda da maganar maganin. Amma banɗakin asibiti ni dai ba zan zauna a kai ba.

Amaryar Bana:
Ni ma na je awo jiya, na kwana bakwai suka ba ni. Anti Rabi, in na ji sauƙi a dare na huɗu zan iya tsayawa?

Anti Rabi:
A'a amarya, ki cika bakwai ɗin.